Fashin baƙi: ƙaura daga tsohon direban mysql zuwa mysqli ko PDO a manhajar PHP

Yawanci maganar tana tashi ne ranar da kamfanin hostin, mai ajiye shafi a intanet, ya ɗaga PHP, yaren da aka rubuta manhajar da shi, zuwa sabuwar fitowa, shafin da ya yi shekaru yana aiki lami lafiya ya koma fari fat, ko ya nuna layi ɗaya tak: `Call to undefined function mysql_connect()`. Ba wani abu ne ya lalace ba. Tsohon direban da PHP ke magana da rumbun bayanan MySQL ta cikinsa, wanda duk umarninsa ke farawa da `mysql_`, an sanar da yi masa ritaya tun a PHP 5.5 a shekarar 2013, aka cire shi ɗungurungum a PHP 7.0 a watan Disambar 2015. Magadansa sun daɗe a ƙasa: mysqli ya zo da PHP 5.0 a 2004, PDO ya biyo baya a 5.1 a 2005. WordPress ma tun a 2014, a fitowarsa ta 3.9, ya fara amfani da mysqli. Waɗanda suka rage a baya su ne manhajojin da aka rubuta da hannu: fotal ɗin duba sakamakon ɗalibai, rajistar marasa lafiya, manhajar lissafin kayan shago, waɗanda mai rubuta su ya miƙa aiki ya kama gabansa.

Wannan kuskuren mai tsayar da shafi shi ne mafi sauƙi a duk tafiyar, domin yana faɗa maka fayil da layin da matsalar take. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsohon direba yana da ɗabi'u da yake yi a ɓoye ba tare da an umarce shi ba, manhajar kuma ta ginu a kansu. Sabon direba yana da nasa. Inda ɗabi'un biyu suka saɓa, shafi zai ci gaba da buɗewa kamar komai lafiya, alhali bayanai na lalacewa a ƙarƙashi.

Hawa biyu ne, ba ɗaya ba

Kafin a taɓa komai, a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai hawan sama, wato umarnin da mai rubuta manhaja ke kira: mysql, mysqli ko PDO. Akwai kuma hawan ƙasa, laburaren da ke ɗaukar saƙo ya kai wa sabar MySQL. A da, wannan aikin na libmysqlclient ne, laburaren da masu MySQL suka rubuta. Daga PHP 5.3 a 2009 aka kawo mysqlnd, wanda aka gina shi a cikin PHP kanta, ya zama zaɓin farko daga 5.4. A PHP 8.2 an rufe ƙofar haɗa mysqli da tsohon laburaren baki ɗaya.

Don sanin wanda ke ƙarƙashinka, buɗe `phpinfo()` ka nemi layin `Client API library version` a sashen mysqli. In ka ga kalmar mysqlnd, shi ke nan. A wasu hostin masu cPanel, wato allon sarrafa hostin, wurin zaɓen PHP yana nuna `mysqli` da `nd_mysqli` daban-daban. Na biyun ne mai mysqlnd. Wanda ya zaɓi na farkon a tsohuwar PHP zai iya cin karo da `Call to undefined method mysqli_stmt::get_result()`, ya yi ta neman laifi a cikin kod ɗinsa, bayan kuwa `get_result` ba ya samuwa sai da mysqlnd.

Mysqli ko PDO? Idan manhajar tana da kiran `mysql_query` ɗari uku warwatse cikin fayiloli sittin, mysqli ne gajeriyar hanya, don kusan kowane tsohon umarni yana da takwara. Idan za a sake rubuta sashen bayanai gaba ɗaya, PDO ya fi tsafta, kuma yana ba da damar sa wa gurbi suna, wato wurin da ake bari a cikin tambaya domin bayanin da za a cike. Hujjar da ake yawan kawowa cewa PDO zai ba ka damar komawa PostgreSQL, wani rumbun bayanai daban, gobe ba ta da ƙarfi sosai, tunda tambayoyin SQL ɗin kansu, wato umarnin da ake aika wa rumbu, sai an sake su.

Tsarin aiki: abu ɗaya a lokaci ɗaya

PHP 5.6 tana ɗauke da tsohon direba da sababbin duka, don haka ita ce gadar tsallakawa. An daina tallafa mata tun ƙarshen 2018, ba wurin zama ba ce, amma a kwamfutar gwaji ita ta fi dacewa. A ɗauki kwafin rumbun da `mysqldump`, a kuma gwada mayar da kwafin a wani rumbu a ga ya dawo. A sauya direba a kan 5.6, a gwada. Bayan nan a ɗaga PHP, a gwada. Sabar MySQL ita ce ta ƙarshe. Wanda ya haɗa ukun a dare ɗaya, in rahoton kuɗin makaranta ya fito ba daidai ba, ba zai san ko direba ne, ko PHP 8, ko dokar `ONLY_FULL_GROUP_BY` da MySQL 5.7 ta kunna ba.

A nemo duk wuraren da `grep -rn "mysql_" .`, kuma kada a tsaya a fayilolin `.php` kawai, tsofaffin manhajoji suna ɓoye haɗin rumbu a `.inc`. A sake nema da manyan baƙaƙe saboda irin su `MYSQL_ASSOC`, wanda yanzu ya zama `MYSQLI_ASSOC`.

Akwai ƙananan laburare da ke dawo da sunayen `mysql_` a kan PHP 7 ta hanyar kiran mysqli a bayan fage. Suna da amfani in shafi ya faɗi ana tsakiyar rajista kuma ana son ya tashi yau. Sai dai duk ramukan tsaron da ke cikin tsohon kod suna nan yadda suke.

Ƙara harafin i ba ya isa

Dabarar farko da ke zuwa wa kowa ita ce ya sa edita ta mayar da duk `mysql_` zuwa `mysqli_`. Ga abin da ke biyo baya.

Tsohon direba yana tuna haɗin ƙarshe da aka buɗe, shi ya sa `mysql_query($sql)` ke aiki ko'ina ba tare da an nuna masa haɗi ba. Mysqli ba ya tuna komai. Dole a ba shi haɗin, kuma a gaba: `mysqli_query($link, $sql)`. A tsohon, in ma an sa haɗin, a ƙarshe yake zuwa. Haka `select_db` da `real_escape_string` suka juya. Na ƙarshen nan ya fi haɗari: a PHP 7, kiran `mysqli_real_escape_string($suna)` ba haɗi gargaɗi kawai yake bayarwa ya dawo da `null`. Idan an kashe nuna gargaɗi, kamar yadda ake yi a shafin da jama'a ke shiga, fom zai ce an adana, rumbu kuma ya karɓi layi mai suna babu komai. A PHP 8 aƙalla yana tsayawa da `ArgumentCountError`.

Sai buɗe haɗi. In aka kira `mysql_connect` sau goma da bayanai iri ɗaya a shafi guda, haɗi ɗaya yake dawowa da shi. `mysqli_connect` kuwa kowane kira sabon haɗi ne. Manhajar da kowane ɗan aiki a cikinta ke buɗe nasa haɗin za ta yi kyau a gwaji, amma ranar fitar sakamako, mutum talatin su shigo tare, sai `Too many connections`, domin iyakar `max_connections` ta asali a MySQL 151 ce. Maganin shi ne fayil ɗaya da ke buɗe haɗi sau ɗaya, kowa ya ɗauka daga nan. Lambar ƙofa ma ta sauya wuri: da ana manna ta a jikin sunan saba, yanzu tana da gurbinta na biyar. Mai amfani da `mysql_pconnect` zai sa `p:` a gaban sunan sabar.

Ga wani tarko ƙarami mai cinye rana guda. Idan layuka suka ƙare, `mysql_fetch_assoc` yana dawo da `false`, shi kuwa `mysqli_fetch_assoc` yana dawo da `null`. Zagayen da aka rubuta haka:

`while (($row = mysqli_fetch_assoc($r)) !== false)`

ba zai taɓa tsayawa ba, zai yi ta juyawa har lokacin da aka ɗiba wa shafin ya ƙare ko memori ya cika. A cire `!== false` ɗin. `mysql_result` kuma ba shi da takwara kai tsaye. A PHP 8.1 aka kawo `mysqli_fetch_column` da ke ɗaukar mafi yawan aikinsa, kafin nan sai a ɗauko layin a ciro gidan farko.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

Ga mai adana rubutun Hausa, nan ne wurin da ya kamata ya fi daɗewa. Baƙaƙen ƙ, ɗ da ɓ, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar, babu su a tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne tsarin asali na MySQL kafin fitowar 8.0. A UTF-8 kowannensu bayit biyu ne: ƙ shi ne C6 99, ɗ shi ne C9 97, ɓ shi ne C9 93.

Tsofaffin manhajoji da yawa ba su taɓa gaya wa direba tsarin haruffan da suke amfani da shi ba. Burauza ta aiko da ƙ a bayit biyu, haɗin yana kan latin1, teburin ma latin1. MySQL ta ɗauka baƙaƙe biyu ne na Turawan Yamma, ta ajiye su yadda suka zo, ta mayar da su yadda suka zo, burauza ta sake haɗa su ta nuna ƙ. Kuskure biyu suka rufa wa juna asiri, aka yi shekaru a haka.

Ranar da aka sa `mysqli_set_charset($link, 'utf8mb4')`, wanda shi ne daidai, asirin ya tonu. Yanzu MySQL tana fassara kowane bayit zuwa UTF-8 da gaske. Sai "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗalibi" ya koma "É—alibi", alamar ’ mai lanƙwasa ta gaban "’yan" ta koma "â€™". Wannan munin gani ne kawai, bayanan suna nan. Ɓarnar gaske tana cikin sabon rubutu: in aka aika ƙ ta haɗin utf8mb4 zuwa ginshiƙin latin1, MySQL ba ta da inda za ta sa shi. In tana kan tsauraran dokoki za ta ƙi da kuskure mai lamba 1366. In ba ta kai, sai ta rubuta alamar tambaya a madadinsa, kuma babu dabarar da za ta dawo da harafin da ya koma "?".

Ko ba ka sa komai ba ma lamarin na iya faruwa. Mysqlnd ba ya karanta `my.cnf`, fayil ɗin saitin MySQL, don haka tsarin haruffan da wani ya saita a can shekarun baya domin libmysqlclient ya daina aiki ba sanarwa.

A fara da dubawa. `SHOW CREATE TABLE` zai nuna tsarin kowane ginshiƙi. Sannan a zaɓi layin da aka san akwai ƙ a ciki a kira `SELECT HEX(suna)`. In ginshiƙin latin1 ne kuma ka ga C699, bayit ɗin lafiyarsu ƙalau, laƙabin ne ba daidai ba. Gyaransa taki biyu ne: a mayar da ginshiƙin `VARBINARY` mai tsawo ɗaya, ko `BLOB` in `TEXT` ne, sannan a mayar da shi `VARCHAR` da `CHARACTER SET utf8mb4`. Bi ta tsakiyar nan ne ke hana MySQL fassara. Kada a yi `CONVERT TO CHARACTER SET` kai tsaye a irin wannan tebur, zai dawwamar da "Æ™" ɗin ne. In akwai fihirisar `FULLTEXT` a ginshiƙin, a cire ta tukuna a mayar daga baya.

In kuwa ginshiƙin utf8 ne kuma ka ga C386E284A2, to an riga an fassara sau biyu tun wurin shiga. Wannan ana warware shi da:

`CONVERT(CAST(CONVERT(suna USING latin1) AS BINARY) USING utf8mb4)`

A gwada shi da `SELECT` kafin `UPDATE`. Tebur ɗaya na iya ƙunsar layuka masu kyau da marasa kyau a gauraye, musamman in wani ya taɓa gyara wasu ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbu ta burauza, kuma wannan maganin yana lalata layin da lafiyarsa lau. Sai an ware da `WHERE`.

Abin da MySQL ke kira utf8 bayit uku ne iyakarsa. Ya ishi baƙaƙen Hausa da na Larabci, amma ba ya ɗaukar emoji, shi ya sa ake cewa utf8mb4. Wani abin lura: a tsofaffin teburan InnoDB, ɗaya daga cikin nau'o'in teburin MySQL, iyakar fihirisa bayit 767 ce, wato harafi 191 a utf8mb4. `VARCHAR(255)` mai fihirisa zai ƙi sauyawa sai an mayar da teburin `ROW_FORMAT=DYNAMIC`, inda iyakar ta kai 3072. A PDO ana sa tsarin a cikin layin haɗi, `charset=utf8mb4`. A mysqli a yi amfani da `set_charset` maimakon aika `SET NAMES`, domin shi ne ke sanar da direban kansa, ba sabar kaɗai ba.

Shiryayyar tambaya da sunan Sa'adu

Babbar ribar ƙaurar ita ce shiryayyar tambaya, wadda tsohon direba bai taɓa samu ba: a aika SQL da gurbi `?`, a aika bayanin mai amfani daban, ta yadda abin da aka rubuta a fom ba zai rikiɗe ya zama umarni ba. A mysqli ana ɗaure gurbi da `bind_param` da haruffa huɗu: i na cikakkiyar lamba, d na lamba mai ɗigo, s na rubutu, b na ɗanyen bayani. Daga 8.1 ana iya miƙa jerin kai tsaye ga `execute`, a 8.2 kuma `execute_query` ya haɗe takun duka a layi ɗaya.

Inda ake tuntuɓe shi ne barin tsohon `addslashes` ko `real_escape_string` a sama, sannan a ɗaure a gurbi a ƙasa. Sunayenmu cike suke da alamar ɗauri: Sa'adu, Mu'azu, Asma'u, Jama'are. Kowannensu zai shiga rumbu da karkatacciyar sanda, `Sa\'adu`, kuma duk sanda aka buɗe fom ɗin aka sake adanawa sandunan na ƙaruwa. Mai neman sunan ba zai same shi ba. Wurin da aka sa gurbi, a cire tsohon kariya.

Gurbi na ƙima ne kawai. Ba ya ɗaukar sunan tebur, sunan ginshiƙi, ko `ASC` da `DESC`. Waɗannan sai a tantance su da jerin da aka amince da shi a cikin kod. `IN` mai abubuwa biyar yana buƙatar gurbi biyar. PDO kuma, a kan MySQL, yana kwaikwayon shiryawar ne a ɓangaren PHP sai an hana shi. A wannan yanayin `LIMIT ?` da aka ba shi 10 ta `execute` yana zama `LIMIT '10'`, MySQL ta ce nahawu ya karye. Ko a ɗaure da `PDO::PARAM_INT`, ko a kashe `ATTR_EMULATE_PREPARES`. In an kashe, a sani gurbi mai suna ɗaya ba ya maimaituwa sau biyu a tambaya guda.

Lamba ko rubutu

Tsohon direba komai rubutu yake dawowa da shi. Lamba 5 tana zuwa a matsayin "5". Shiryayyar tambaya a kan mysqlnd tana dawo da lamba a matsayin lamba, kuma daga PHP 8.1 PDO ma haka yake yi ko da yana kwaikwayo. Layi irin `if ($row['admin'] === '1')` zai daina zama gaskiya, shugaban makaranta ya shiga ya tarar ba shi da ikon komai. `json_encode` ma zai sauya abin da yake fitarwa, manhajar waya da ke jiran rubutu ta samu lamba ta rufe kanta. `DECIMAL` yana nan a rubutu, kuma gara haka ga lissafin kuɗi.

Kurakurai sun daina yin shiru

Salon da kowa ya saba da shi shi ne `or die(mysql_error())`. Daga PHP 8.0 PDO yana jefa kuskure kai tsaye, mysqli ya bi sahu a 8.1 da `mysqli_sql_exception`. Kod ɗin da ke jiran `false` don ya duba lamba 1062, ta kuskuren maimaita bayani, ya ce "an riga an yi rajista da wannan imel" ba zai kai wannan layin ba, mai rajista zai ga shafin kuskure 500. Ana iya mayar da tsohon hali da `mysqli_report(MYSQLI_REPORT_OFF)`, amma a ganinmu wannan gyaran gangar auzinawa ne. Kurakuran da za su fito galibi sun daɗe suna faruwa ba wanda ya sani. A kama 1062 da `try` da `catch` a inda ake sa ransa, sauran a bar su su tafi fayil ɗin log. Kuskuren buɗe haɗi kuma `mysqli_connect_error` ke faɗarsa.

A PDO na PHP 8, in aka yi `CREATE TABLE` ko `TRUNCATE` a tsakiyar cinikin da aka buɗe da `beginTransaction`, wato jerin ayyukan da ake tabbatarwa da `commit` ko a soke da `rollback` a tare, MySQL tana rufe cinikin da kanta, sai `commit` ya ce `There is no active transaction`. Teburan MyISAM kuwa, da suka cika tsofaffin manhajoji, ba su san `rollback` ba sam. A mayar da su InnoDB kafin a dogara da shi.

Memori da shiga saba

Sakamakon da libmysqlclient ke riƙewa ba ya shiga lissafin `memory_limit`. Na mysqlnd yana shiga. Rahoton da ke jawo layi dubu ɗari biyu, wanda da yake fita lafiya, yanzu zai iya buga iyakar 128M. A yanka shi kashi-kashi, ko a yi amfani da `MYSQLI_USE_RESULT` mai kawo layi ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗinsa shi ne ba a aika wata tambaya ta wannan haɗin har sai an karance ta farko, in ba haka ba `Commands out of sync`, kuskure mai lamba 2014.

Kalmar sirri ma tana tare hanya ta fuska biyu. Mysqlnd ba ya karɓar tsohon tsarin kafin MySQL 4.1, mai haruffa 16. Sai an sake saita kalmar ta koma mai 41 da ke farawa da tauraro. A ɗaya gefen, MySQL 8.0 ta koma sabon tsarin tantance kalmar sirri, `caching_sha2_password`, wanda PHP ta fara fahimta sosai daga 7.4. An saba kaucewa da mayar da asusun `mysql_native_password`, amma 8.4 ta zo da shi a kashe, 9.0 ta cire shi. Sannan `localhost` a Linux yana bi ta fayil ɗin soket ne. In kuskure mai lamba 2002 ya ce `No such file or directory`, a gyara `mysqli.default_socket` ko `pdo_mysql.default_socket`, ko a rubuta 127.0.0.1.

Kafin a saki aikin, a kunna `general_log`, mai rubuta duk tambayar da ta isa rumbu, a sabar gwaji, a bi manyan shafuka da tsohon kod, a sake bi da sabo, a kwatanta tambayoyin da suka isa rumbu. A yi rajistar gwaji da suna mai haɗe da ƙ, ɗ da alamar ɗauri, kamar "Ɗanladi Sa'adu Ƙofar Mata", a adana, a buɗe, a sake adanawa sau uku, sannan a duba `HEX` ɗinsa: Ɗ ya zama C68A, Ƙ ya zama C698, kuma kada a ga 5C, wato karkatacciyar sanda, a gaban 27, wato alamar ɗauri.